Sai na haddace tsuitachi da futsuka, ko waya ta wadatar?

Ummi Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga mu nisa a yaren Japan. In Allah Ya yarda zan tafi karatu a watan Afrilu, yanzu ina babin lokaci da kwanan wata. Ƙirga ɗaya zuwa goma ya zauna mini: ichi, ni, san, yon, go, roku, nana, hachi, kyuu, juu. Amma da na zo kan kwanakin wata sai na tarar da wani ƙirgen dabam. Ɗaya ga wata tsuitachi, biyu ga wata futsuka, uku mikka, babu ichi babu ni a ciki. Shin dole ne sai na haddace su, ko mutum zai iya zama a can ba tare da su ba? Lokacin da ya rage mini kaɗan ne, ina so in san inda zan sa ƙarfina.

Nura Ɗan Birni: Wa alaikumus salam. Ƙanwata kar ki wahalar da kanki. Kwanan wata ai da lambobi ake rubuta shi, kuma lambobin da muka sani su suke amfani da su a tikiti da rasit da allon tasha. Idan an faɗi abin da ba ki gane ba, ki miƙa waya a rubuta miki. Ki sa ƙarfinki a gaisuwa da cefane da tambayar hanya.

Injiniya Bashir Nagoya: Malam Nura, ban yarda ba. Shawararka ta ɗan yawon buɗe ido ce mai mako biyu. Wanda zai zauna, rabin alƙawuransa da baki za a faɗa masa: asibiti za su kira a waya, mai gida zai tsaya a bakin ƙofa ya ce ranar kaza masu duba gas za su zo, malami zai faɗi ranar miƙa aiki yana tattara takardunsa zai fita. A waya wa za ki miƙa wa allo?

Ummi, abin ba shi da yawa kamar yadda ya bayyana. Goma na farko ne aikin: tsuitachi, futsuka, mikka, yokka, itsuka, muika, nanoka, yooka, kokonoka, tooka. Daga sha ɗaya sai ki koma ƙirgen da kika sani ki liƙa nichi: juuichi-nichi, juuni-nichi, har ƙarshen wata. Uku ne kawai suka fita layi a nan: 14 juuyokka, 20 hatsuka, 24 nijuuyokka. Kalmomi sha uku ke nan. Sai ki lura cewa 17 juushichi-nichi ne, 19 kuma juuku-nichi, haka 27 da 29.

Nura Ɗan Birni: To Injiniya idan ta ce hachi-nichi maimakon yooka, ba za a gane ta ba?

Injiniya Bashir Nagoya: Za a gane ta. Su kansu a wurin aiki, idan ana hayaniya ko layin waya ba shi da kyau, sukan ce hachi-nichi don a tabbatar takwas ake nufi. Amma wannan maganar abin da za ta faɗa ce. Ni abin da za ta ji nake magana a kai. Ba ita ke zaɓar kalmar da ma'aikaciyar asibiti za ta furta ba.

Maman Hanif Saitama: Gaskiyar Injiniya. Ummi, 'yata, wanda ya fi cin mutane shi ne yokka da yooka, huɗu ga wata da takwas ga wata. A yokka ana ɗan tsayawa a kan k ɗin, a yooka kuma o ɗin ake ja. Akwai wata baiwar Allah 'yar ƙasarmu a nan da aka ba ta ranar awon ciki yokka, ta ji yooka, ta je bayan kwana huɗu da ranar. Sai da aka sake yanka mata wata rana, ga shi likitan ba kullum yake zama ba. Abin da nake koya wa sababbin zuwa shi ne, duk ranar da aka faɗa miki, ki maimaita ta tare da ranar mako. Ki ce yokka, kin'yoobi desu ne, wato huɗu ga wata, Juma'a ko? Huɗu da takwas na wata ɗaya ba sa taɓa faɗawa rana ɗaya a mako, don haka in kin ji ba daidai ba nan take za a gyara miki.

Malam Tukur: Hajiya ta kawo dabara mai kyau. In ƙara da cewa mu Hausawa kunnenmu ya riga ya san wannan bambancin, ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna raba mana da manna, muna raba gadon kwanciya da gadon da magada ke rabawa, duk da a rubuce iri ɗaya ne. Wanda ya taso da wannan kunnen, yokka da yooka saurare kawai suke buƙata. Inda bakinmu ke zamewa shi ne ts. Tamu muna tsuke ta a maƙogwaro kamar a tsuntsu, tasu kuwa sassauƙa ce, t da s ne a jere. Sannan chi ɗin da ake rubutawa, ci ɗinmu ne na cin abinci.

Ummi Zariya: Na gode Anti, na gode Malam. To watanni fa? Na ga kamar su da sauƙi.

Injiniya Bashir Nagoya: Su ne mafi sauƙi a duk babin. Ba su da suna, lamba ce da gatsu: ichi-gatsu Janairu, ni-gatsu Fabrairu, har juuni-gatsu Disamba. Ki kiyaye uku: Afrilu shi-gatsu ne ba yon-gatsu ba, Yuli shichi-gatsu, Satumba ku-gatsu ba kyuu-gatsu ba. Waɗannan lambobi ukun, huɗu da bakwai da tara, su ne za su yi ta canza murya a ko'ina. A agogo ƙarfe huɗu yo-ji, ƙarfe bakwai shichi-ji, ƙarfe tara ku-ji. Kuma shichi-ji da ichi-ji suna kama a kunne, bakwai da ɗaya, shi ya sa za ki ji wani ya ce nana-ji da gangan idan yana ba da lokaci a waya.

Minti ne ke ɗan jan lokaci, domin fun ɗin yana komawa pun bayan wasu lambobi: ippun, nifun, sanpun, yonpun, gofun, roppun, nanafun, happun, kyuufun, juppun. Rabi han ne, ni-ji han biyu da rabi. Gozen kafin rana ta take tsaka, gogo bayan nan, kuma gaba suke zuwa: gogo san-ji, uku na yamma. In saura ne sai a sa mae a ƙarshe, san-ji gofun mae, uku saura minti biyar. Ba su da kalmar kwata da ake yawan amfani da ita a agogo, minti sha biyar suke cewa, juugofun.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum. Ni ina bin ku ne daga Nijar, ina shirin jarrabawar ƙwarewa a yaren Japan, wato JLPT, ta Disamba. Abin da ya ruɗa ni, na ga hoton wani shago an rubuta 18:00–26:00. Mu nan mun saba da agogon awa ashirin da huɗu, amma ashirin da shida daga ina?

Injiniya Bashir Nagoya: Ba kuskure ba ne Malam Isuhu. 26:00 ƙarfe biyu na dare ne. Masu gidajen abinci na dare da jadawalin talabijin da rediyo suna yin haka don a san daren na jiya ne bai ƙare ba. Idan aka ce shiri zai zo Juma'a 25:00, ana nufin ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar. Da an rubuta Asabar 1:00, wani sai ya zauna jira daren Asabar. A tikitin jirgin ƙasa ba za ka ga wannan ba, can bayan 23:59 sai 0:00.

Nura Ɗan Birni: Ka ga irin abin da nake faɗa. Wannan ai a rubuce ne, lissafi ne ba yare ba. Ni har yanzu ina ganin ana cika wa yarinya kai.

Maman Hanif Saitama: Malam Nura, ko a rubucen ma lambobi kaɗai ba sa isa. Bari in ba ka misali daga kicin ɗina. Ga kwalin madara, an buga 25.04.08 a samansa. Wanda ya zo daga gida zai karanta ashirin da biyar ga Afrilu, 2008, ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓe. Alhali takwas ga Afrilu 2025 ne. Su daga babba suke farawa zuwa ƙarami: shekara, wata, rana, sannan awa. A takardar makarantar yara haka za ka gani: 2025年4月8日(火). Alamar farko nen, shekara, ta biyu gatsu, ta uku ranar wata. Wannan na cikin baka kuma ranar mako ce, ka, wato kayoobi, Talata.

Kuma waɗannan alamomi bakwai na mako, Ummi, ki san su da ido tun kafin ki hau jirgi: 日 Lahadi, 月 Litinin, 火 Talata, 水 Laraba, 木 Alhamis, 金 Juma'a, 土 Asabar. Rana, wata, wuta, ruwa, itace, zinariya, ƙasa. Da su ake rubuta ranakun kwashe shara a allon da ke wurin zubarwa. Sharar da ake ƙonawa tana da ranakunta, kwalabe da gwangwani suna da nasu, kuma kowace unguwa da jadawalinta. Kika fitar a ranar da ba tata ba, a wurin za a bar miki ita da takarda a manne, maƙwabta duk suna wucewa suna gani.

Alhaji Ilya Mai Safaya: Ku gafarce ni in sa baki, ni ba ɗalibi ba ne, ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ruwa. Amma wannan magana ta taɓa aljihuna. Takardun gwanjon motoci da ake turo mana daga can, wurin shekara sai ka ga H25 ko H18. Yara a kasuwa sai su ce 25 ai 2025 ce, sabuwa fil. Wani abokin cinikina ne ya koya mini in ƙara 1988 a kai. H25 ta zama 2013, H18 ta zama 2006. Lissafin na riƙe, amma dalilin har yau ba wanda ya warware mini shi.

Malam Tukur: Ranka ya daɗe Alhaji, wannan H ɗin Heisei ne, sunan zamanin sarauta. Japan tana tafiya da ƙirgen shekara biyu a lokaci guda: na Miladiyya da suke kira seireki, da nasu da suke kira wareki, wanda ke farawa daga ɗaya duk lokacin da sabon sarki ya hau. Kamar yadda tsofaffinmu a Kano kan ce an haife su zamanin Sarki Alhaji, sai dai su sun sa wa abin lamba, sun shigar da shi doka a 1979.

Tun daga 1868 zamani biyar aka yi. Meiji daga 1868 zuwa 1912, Taisho zuwa 1926, Showa na Sarki Hirohito zuwa 1989, Heisei na ɗansa Akihito zuwa 2019, sai Reiwa na Naruhito da ake ciki yanzu. Lissafinsu: Showa a ƙara 1925, Heisei a ƙara 1988, Reiwa a ƙara 2018. Shekarar da Najeriya da Nijar suka sami 'yancin kai, 1960, Showa 35 ce. 2025 kuwa Reiwa 7.

Inda abin ke da ɗan sarƙaƙiya shi ne shekarar canji, domin ba a jiran Janairu. Hirohito ya rasu ranar 7 ga Janairu 1989, don haka Showa 64 kwana bakwai kacal ta yi, washegari aka shiga Heisei. A 2019 kuma Akihito ya yi murabus ranar 30 ga Afrilu, Reiwa ta fara 1 ga Mayu. Wata huɗun farko na shekarar Heisei 31 ne, sauran takwas Reiwa ta farko. Kuma shekarar farko ba a ce mata ichi-nen, gannen ake cewa.

Alhaji Ilya Mai Safaya: Allah Ya ƙara ilimi Malam. Ashe R ɗin da na fara gani kwanan nan ita ce Reiwa.

Ummi Zariya: Malam, to ni da aka haifa a 2000, Heisei 12 ke nan? Kuma shin a fom dole da shi zan cike?

Injiniya Bashir Nagoya: Heisei 12 daidai. A katin zama na baƙi Miladiyya ake rubutawa, kuma yawancin ofisoshi za su karɓi Miladiyya daga wurin baƙo. Amma fom ɗin asibiti da na banki da na ofishin gari sau da yawa za ki ga alamomi a jere, 昭 平 令, ko haruffa S H R, ana so ki zagaye ɗaya ki rubuta lamba. Abu biyu za ki haddace a nan: shekarar haihuwarki da shekarar da ake ciki. Sauran ki bar wa lissafi. A wannan kam na yarda da Malam Nura, waya ta wadatar.

Nura Ɗan Birni: Alhamdu lillahi mun haɗu a wuri ɗaya. Amma ku gaya mini, mutanen da ke ƙera mutum-mutumi da jirgin ƙasa mai gudun tsiya, me ya hana su gyara ƙirgen kwanakin nan ya zama bai ɗaya?

Malam Tukur: Domin ba lalacewa ya yi ba balle a gyara. Ƙirge biyu ne suka haɗu a yaren. Ichi, ni, san daga Sin suka zo tare da rubutu. Nasu na asali shi ne hitotsu, futatsu, mittsu, yottsu, itsutsu, muttsu, nanatsu, yattsu, kokonotsu, too. Ka ɗora shi kusa da futsuka, mikka, yokka, itsuka, za ka ga tushe ɗaya ne. Ummi, ki koye su tare, domin da wannan ƙirgen za ki sayi abu a shago ma. Tsuitachi ne kaɗai ba lamba ba, daga tsuki-tachi ya fito, tsayuwar wata, tun lokacin da kalandarsu ke bin wata.

Sun bar wannan kalandar ne farat ɗaya. Gwamnatin Meiji ta sanar cewa washegarin biyu ga watan sha biyu na Meiji 5 shi ne 1 ga Janairu 1873. Watan ƙarshe na shekarar kwana biyu ya yi. Dalilin da aka fi ambata bayan son daidaita da Turawa shi ne kuɗi: a tsohuwar kalanda shekarar da ke tafe tana da wata sha uku, baitulmali kuma ba shi da ƙarfin biyan albashi sha uku. A lokacin ne kuma aka koma awa ashirin da huɗu masu tsawo ɗaya. Kafin nan suna raba yini kashi shida, dare kashi shida, don haka awar rana a bazara ta fi ta hunturu tsawo, har maƙera agogonsu suka ƙera agogon da ake daidaitawa da yanayi.

Maman Hanif Saitama: Maganar tsawon rana ta tuna mini. Ummi, ki shirya wa lokutan salla, ba kamar gida ba ne da suke ɗan motsawa kaɗan. A yankin Tokyo a watan Yuni asuba tana shiga kafin ƙarfe uku na dare, rana ta fito wajen huɗu da rabi. A Disamba kuma wajen huɗu da rabi na yamma an yi magariba, kina cikin aji ko ɗakin gwaji. Dole ki iya ce wa malaminki yo-ji han kara juppun, daga huɗu da rabi, minti goma. Idan kika faɗi lokaci ƙarara, suna girmama shi. Abin da ba sa so shi ne a ce anjima.

Sannan idan an ce taro ku-ji, ana nufin ƙarfe tara an fara, ba ƙarfe tara ake isowa ba. Tun a makaranta ake koya wa yara su kasance a wuri minti biyar kafin lokaci. Jirgi in ya makara, a tasha ana ba da takardar shaida ki kai wurin aiki ko makaranta.

Injiniya Bashir Nagoya: A 2017 ma kamfanin jirgin Tsukuba Express ya fitar da sanarwar neman afuwa saboda jirgi ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokacinsa. Wannan shi ne ma'aunin da ake aiki da shi.

Isuhu Maraɗi: Injiniya, ƙarin tambaya. Ni-ji da ni-jikan, da kuma made da made ni. A littafina suna kusa da juna, ina haɗa su.

Injiniya Bashir Nagoya: Ni-ji ƙarfe biyu, ni-jikan awa biyu. Haka ni-gatsu Fabrairu, ni-kagetsu wata biyu. Alamar 一日 in ɗaya ga wata ce tsuitachi, in kwana ɗaya ce ichinichi, rubutu ɗaya karatu biyu. Made kuwa har zuwa ne: go-ji made hatarakimasu, ina aiki har ƙarfe biyar. Made ni wa'adi ne: hatsuka made ni, kada ya wuce ashirin ga wata. Ummi, wannan na biyun za ki fi ji a jami'a, kuma in sun faɗa ba a roƙon ƙari.

Ku haɗa da waɗannan, suna zuwa a jarrabawa kuma kullum ana faɗarsu: ototoi shekaranjiya, kinoo jiya, kyoo yau, ashita gobe, asatte jibi, shiasatte gata.

Nura Ɗan Birni: Ni dai ra'ayina bai canza duka ba. Wanda zai je mako biyu, waya. Amma mai zama, na ji hujjar asibiti da ta shara. Sai dai ku faɗa mata tsari, kar ta ɗauki komai a rana ɗaya.

Maman Hanif Saitama: Agogo da farko, da huɗu da bakwai da tara. Sai kwanaki goman nan, a bakinki kullum da safe ki faɗi kwanan watan ranar da ƙarfi. Alamomin mako ki rubuta a takarda ki manna a ƙofar ɗaki. Minti za su zauna da kansu idan kin fara hawa jirgi kina jin sanarwa. Kuma ki sani Afrilu da za ki zo shi ne farkon shekarar karatu da ta aiki a nan, ofishin gari cike yake da mutane, ma'aikata suna sauri, ranakun da za a faɗa miki a makon farko suna da yawa.

Ummi Zariya: Allah Ya saka da alheri baki ɗaya. Anti, ko za a samu wanda zai riƙa faɗa mana ranaku da murya muna rubutawa? Karatu da ido ina iyawa, kunnen ne ban gwada ba.

Isuhu Maraɗi: Ni ma ina ciki.

Injiniya Bashir Nagoya: Zan iya ranar Lahadi. Japan tana gaban Najeriya da Nijar da awa takwas, kuma ba a canza agogo a nan rani ko damina. Mu sa ƙarfe biyu na rana agogonku, goma na dare ke nan a wurina, 'yan Gana kuma ƙarfe ɗaya. Nichiyoobi, gogo ni-ji. Kowa ya zo da takarda da biro, zan fara da yokka da yooka a gauraye, sannan ichi-ji da shichi-ji.